Masanin Sufuri a Tashar Kawo

Kaduna ta yi babban baƙo, ba ta sani ba. Malam Sama'ila, wanda abokan aikinsa ke kira Injiniyan Baki, sakataren wani kwamitin sufuri ne a Abuja. Ya halarci taro a kan cunkoso har sau ba adadi, ya ci shinkafar taron, ya karɓi jakar taron. Motar haya ce kawai bai taɓa shiga ba tun da ya fara sa hula mai tsada.

Abin da ya kawo shi aikin lada ne. Kawunsa Audi, tsoho mai yanar ido, zai ga likita a Mando, kuma a can da sassafe ake raba kati. Wanda ya makara sai wata mai zuwa. Motar Injiniya ta kwana gareji a Unguwar Sarki, don haka suka fito Kawo neman ta haya.

Ni facin taya nake yi a bakin tashar, a idona aka yi komai.

Wani mai Keke Napep ya tsaya, ya ce saura mutum biyu, Mando kai tsaye. Injiniya ya dube shi sama da ƙasa.

"Kawu, wannan gwangwani ne mai ƙafa uku. Ilimin sufuri ya ce a duba motar da ta kusa cika. Ga ta can."

Lallai bas ɗin ta kusa cika. Ko yaron goye a Kawo ya san su wane ne a ciki: 'yan kamasho ne da ake zaunarwa don fasinja ya ɗauka tashi za a yi. Fasinja ɗaya ya shiga, ɗayansu ya zame. Amma wa ya isa ya koya wa kifi iyo?

Injiniya ya zauna, ya gyara babbar riga, ya ga jama'a, sai wa'azi ya motsa.

"Matsalarku a garin nan rashin tsari. Da ni ke riƙe da tashar nan, babu motar da za ta yi minti biyar a tsaye."

"Gaskiya ne, ranka ya daɗe," in ji na kusa da taga, ya sauka sayen goro, bai dawo ba.

"Na rubuta rahoto shafi tamanin a kai."

"Allah ya ƙara ilimi, yallaɓai," in ji wani, shi ma ya sulale.

Injiniya bai taɓa samun masu sauraro masu ladabi haka ba. Rana ta ɗaga. Keke ya je Mando ya dawo, ya sake komawa. Kawu Audi ya ce a hankali, "Sama'ila, ni dai ban ji mun motsa ba."

"Haƙuri, Kawu. Lissafina bai taɓa kuskure ba."

Sai da hantsi ya dubi ludayi suka tashi. Bayan azahar na gan su sun dawo, babu kati, babu magani. Injiniya na bayani da hannu biyu a kan lalacewar harkar lafiya a ƙasar nan, da takardar da zai rubuta wa hukuma.

Tsohon ya tsaya daidai rumfata, ya laluba bencina ya zauna.

"Wata mai zuwa kada ka wahalar da kanka, ɗana," ya ce. "Zan zo da sandata. Ita ba ta jawabi."