Injin Kududdufi da Albasar Maccido

Jama'a masu karatu, yau da takalmi ƙafa ɗaya na dawo gida, kuma kafin wani ya zargi ɓarawo, bari in faɗi inda ɗayan yake. Yana ƙarƙashin baƙar laka a fadamar garinmu, nan tsakanin Goronyo da Wurno. Na bar wa hukuma shi kyauta, tunda lakar ma tata ce.

Da hantsi na fita duba 'yan fangulan albasata. Hanya ce da nake bi tun ina saurayi. Na hangi wuri fari tas, rairayi shimfiɗe kamar an share don salla, na taka da ƙarfin zuciya, sai ƙafa ta nutse har ƙwauri. Na yi ta kokawa na zaro ƙafar, takalmi kuwa ya ce shi ya samu mazauni. Maccido, wanda garkarsa ke jikin tawa, yana tsaye riƙe da jigon ban ruwa yana kallona. Bai yi dariya ba. Nan na san ransa a ɓace yake ƙwarai, don Maccido mutum ne da ko jakinsa ya kayar da shi, shi ke riga kowa dariya.

Ya ce, "Sannu, Malam Zayyanu. Ruwan gidanku na kat taka. Ai kun san juna."

Gaskiya ya faɗa. Amma ku da ba ku san garinmu ba, sai na koma baya kaɗan.

Garinmu shiya biyu ne. Akwai Shiyar Tudu, inda nake zaune, akwai Shiyar Gangare, inda su Maccido suke, dab da fadama. A tsakiyar Tudu akwai wani tsohon kududdufi da kakanninmu suka haƙa suna ɗibar ƙasar gini. Duk kwatamin shiyar nan yake zuba: ruwan wanka, ruwan wanki, jinin mahauta, ruwan jima, ruwan marina, in damina ta yi ƙarfi har salga takan kawo tata gudummawar. Baƙon da ya doso garinmu ba ya tambayar hanya, hancinsa ke kawo shi. Mutanen Tudu sun daɗe suna kuka, har Allah ya sa kukan ya isa Birni.

Sai ga wani babba an turo mana. Ba zan faɗi sunansa ba, mu dai muna kiransa Mai Girma Sarkin Bututu, Allah ya ƙara masa tsawo. Tare da shi akwai wani Bature wanda har yau ba wanda ya ga ƙasan fuskarsa, don tun da ya sauko daga mota bai cire hankici daga hancinsa ba. Shi kuma muka sa masa Mai Hankici. Suka zagaya kududdufi daga nesa, suka yi nuni da sanda, suka tafi. Bayan kaka sai ga babbar mota ɗauke da inji da tarin bututun ƙarfe.

Dole in yaba wa manyanmu a kan yadda suka girmama injin nan. An gina masa ɗaki da siminti, an rufa masa kwano, abin da ko limaminmu bai samu ba. An ba shi mai gadi. In kananzir ya iso gari, injin ake fara shayarwa sai ya ƙoshi, sa'an nan mu da muke jere bakin kanti da kwalabe a ce mu dawo wata kasuwar. Ni yanzu na koma fitilar man gyaɗa, amma ba na ƙorafi, don ba kowane gari ne ke da ɗan gata irin wannan ba.

Ranar da aka tada shi an yi kiɗa, an yanka rago, aka wanke kayan cikinsa aka zuba ruwan a kududdufi don inji ya samu abin fara aiki. Sarkin Bututu ya miƙe ya gyara rawani ya ce daga yau ƙazanta ta bar garinmu. Muka yi ta tafi. Kuma bai yi ƙarya ba, ta bar garin. Bututu ya ɗauke ta, ya haura da ita ta kan tsohuwar ganuwa, ya gangara, ya tsaya cak a saman tabkin fadama. Tabkin nan shi Gangare ke sha, shi ake ba albasa, cikinsa ake kama tarwaɗa.

Na taɓa tambayar Lauwali, tsohon sojan da aka ba kula da injin, dalilin da ya sa bututun ya tsaya a nan.

Ya ce, "Nan yaƙ ƙare, Malam. Iyakar wanda anka kawo ke nan."

Na ce, "To, ruwan fa?"

Ya ce, "Ni an ce in tada inji da sahe in kashe shi da marece. Ba a ce in bi ruwa in ga inda za shi ba."

Da farko ma murna aka yi a fadama. Lawashi ya yi kore shar, ya yi tsawo irin wanda ba mu taɓa gani ba. Maccido ya riƙa zagaya garkarsa hannu a baya kamar mai gari, har yana cewa in an sake kawo wani injin shi zai ba da rago. Ba a jima ba ganyen ya soma rawaya daga baki. Ka tuge albasa ka ga gindinta ya yi laushi, ka matsa ta fashe da wari. Kifi ya taso saman ruwa ciki a sama, shirwa da ungulu suka yi ta biki. Shanun Fulanin da ke biyowa ta nan suka sunkuya suka shinshina, suka ɗaga kai suka wuce da ƙishirwarsu. Wanda ya wanke farar riga a tabkin sai ya same ta da rinin da bai biya marini ba. Daga nan ciwon ciki ya shiga Gangare gida gida. Habi, matar Maccido, ta kwanta, ta rame har zoben hannunta yana zamewa da kansa. Matan shiyar suka koma tafiya har gulbi da tulu a ka, su fita da sanyin safiya, ba su dawowa sai rana ta take.

Ni kuwa Allah ya sa ni a tsaka. Hancina na Tudu, albasata na Gangare. In na shiga gida in sha iska, in na fita gona in sha takaici. Da na kawo zancen ga mai ɗakina Mairo, ko ɗago kai ba ta yi ba daga tankaɗen da take yi.

Ta ce, "Malam, kada ka sa bakinka cikin zancen ga. Tun da anka kawo ni gidan ga ban san iska na da daɗi ba sai bana."

Na ce, "Albasarmu fa, Mairo?"

Ta ce, "Albasa a sawo ta kasuwar Rimawa. Hanci wace kasuwa aka saida shi?"

Amma da ta ji Habi ba lafiya, ta dama kunu ta sa mayafi ta gangara dubiya. Ta dawo ta zauna bakin murhu ba ta hura wuta ba. Can ta ce, "Ruwan da nike zubarwa da sahe, shi nig gani ƙofar gidansu." Tun ranar ba ta sake yabon iska ba, ko da yake na lura ba ta daina shimfiɗa tabarma a tsakar gida ba.

Dattawan Gangare suka yi ta zarya zuwa Birni, har aka gaji da ganinsu aka ce za a zo a duba. Ana gobe zuwan, mai shela ya zagaya gari. Ya ce a kashe inji ya huta. A binne matattun kifi. Kowane magidanci ya kawo mangalar farin rairayi daga gulbi a rufe baƙar lakar da ta malale bakin garake. Kowa ya sa tufafi masu tsabta, masu ciwon ciki kuma su daure su zauna cikin ɗaki kada su ɓata wa baƙi rai. Rairayin nan ne ya yaudare ni yau. In ya iya yaudarar wanda aka haifa a nan, ina ga baƙo.

Washegari mota ta tsaya nesa da tabki, aka shimfiɗa tabarmi, aka kafa wa Mai Hankici kujera. Sarkin Bututu ya shiga bayani, tafinta na juyawa. Ya ce bututun nan ƙarfen ƙasar Turawa ne, duk ruwan da ya bi ta cikinsa ya wanku kafin ya fita. Ya ce kifin da ake zance tsufa ne ya kashe su. Ya ce mutanen karkara haka suke, in an kawo musu ci gaba sai su ce ciki na ciwo. Mai Hankici yana ta gyaɗa kai, mu kuma muna ta cewa gaskiya ne, don abin da aka tara mu mu faɗa ke nan.

Sai ga Maccido ya ratso taro. Ya sa rigarsa ta Juma'a, yana riƙe da sabuwar ƙwarya rufe da faifai. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa gaban Bature, ya miƙa da hannu biyu.

Ya ce, "Ranka shi daɗe, ga al'adarmu baƙo ba ya zuwa shi koma bai sha ruwa ba. Na tabkinmu na, yanzu niɗ ɗebo shi."

Mai Hankici ya ɗaga faifai da yatsa biyu, ya leƙa, ya mayar da sauri. Ya yi magana ta cikin hankici, tafinta ya ce wai Bature ya gode ƙwarai, amma likitansa ya hana shi shan kowane ruwa sai na gorarsa, saboda haka ya bar wa abokinsa wannan girma. Maccido ya ja gwiwa ya juya ga Sarkin Bututu.

Bawan Allahn nan ya karɓi ƙwarya, don ba yadda zai yi. Ya buɗe. Ni ina kusa, na ga ruwan, launinsa tsakanin shuni da miyar kuka, wani ɗan abu mai wutsiya yana iyo a ciki hankalinsa kwance. Sarkin Bututu ya dubi ruwa, ya dubi Bature, ya dubi jama'a. Goro ne cike da kuncinsa, leɓɓansa ja wur.

Ya ce, "Azumi nike yi."

Maccido ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah shi karɓa, ranka shi daɗe. Sai in aje maka har magariba."

Tari ya kama dattawan Gangare gaba ɗaya, har da waɗanda ban taɓa sanin suna da mura ba. Wani ya tura bakin rawani cikin bakinsa. Tafinta dai bai juya wannan ba. Baƙi ba su jira magariba ba, ko azahar ba su jira ba.

Kada ku ce ba a yi komai ba, manyanmu ba sa barin magana a ƙasa. An aiko an ce Maccido ba shi da ladabi, a ja masa kunne. An kuma ce an duba kukan Gangare da idon rahama: za a ƙaro bututu, a wuce da shi bayan garake, a kai shi har cikin gulbi. Haƙan ramin da za a binne shi kuwa, tunda mutanen Gangare ne suka yi kuka, su za su yi, don su san darajar abin. Da aka tambayi zancen albasar da ta ruɓe, aka ce a gode Allah, ƙasa ta samu taki. Kafin sabon bututu ya iso, inji ya koma bakin aikinsa, don ba a son ya yi tsatsa.

Yau bayan na wanke ƙafata da ruwan butar Maccido, wanda Habi ba ta iya ɗebowa ba sai shi ya je gulbi da jaki, muka zauna gindin jigo. Garkarsa ta bana ta tafi, tawa ma saura kaɗan. Hannunsa duk kanta saboda haƙan rami. Ya ce Habi ta fara tashi zaune, jiya har ta nemi tuwo, wannan kaɗai ya ishe shi godiya.

Na ce, "To, in bututu ya kai gulbi kun huta."

Ya ce, "Mun huta da tabki. Gulbin kuma mi za mu sha?" Sa'an nan ya ce, "Ran kasuwa zan tahi Wurno. Ƙanwata Kyauta na aure can bakin ruwa, mijinta masunci na. In gaya musu su hara haƙa rijiya tun yanzu."

Na ce ya gaishe su, na ɗingiso gida ƙafa ɗaya a ƙasa.

A hanya ne na tuna gulbin nan ba a Wurno yake tsayawa ba. Gangarawa yake yi har Birni, kuma an ce daga cikinsa ake ɗebo wa manyan gidaje. Saboda haka ina roƙon manyanmu wata alfarma guda: in bayan damina suka ji shayinsu ya ɗan ƙara kauri, don Allah kada a kori kuku, ba laifinsa ba ne.