Ranar da Aka Ga Alhaji Na-Ƙoshi Yana Tauna

Duk faɗin Wudil, ka haɗa da Indabo da Dagumawa, babu mai kamun kai irin Alhaji Abdulbaƙi. Shekara ashirin ana haɗuwa da shi a gidan suna da gidan biki, ba a sami mutum ɗaya da zai rantse ya taɓa ganin muƙamuƙinsa yana motsi ba. A ajiye masa tuwo, ya ɗaga hannu: "Alhamdulillahi, na ƙoshi." A matsa masa sau ɗaya, sau biyu, a na ukun ya yi ajiyar zuciya ya ce to a kai mota, kada a ce ya raina. Shi ya sa ake kiransa Alhaji Na-Ƙoshi. Yadda tumbinsa ya zama randa kuwa, wannan ikon Allah ne. Wataƙila iskar kogi ce ta karɓe shi.

Da aka ba shi shugabancin kwamitin tsaftar bakin titi, sai bawan Allah ya gano abin da ya hana garin ci gaba. Ba kwata ba ce, ba bola ba ce. Matan da ke soya kifi a gindin gada ne.

"A ƙasashen da suka waye," in ji shi a wurin taro, yana gyara hannun babbar riga, "ba za ka ga ɗan Adam a kan benci yana tsotsar ƙaya ba. Ci a bainar jama'a ɗabi'ar akuya ce."

Mata talatin da biyu ke nan fa, kowacce da bakunan da kaskonta yake ciyarwa. Shugabarsu, Hajiya Yelwa, ta je har gidansa roƙo. Ya shanya ta a zaure tun hantsi har azahar, sannan ya aiko a ce mata zai tafi Masar ziyarar nazari, in ya dawo kowacce ta kwashe murhunta. Gwiwa ya je a duba masa, amma ai nazari ya fi daɗin faɗa.

A Alƙahira ya sauka a wani masauki da Kanawa suka saba sauka. Mai masaukin ya jera abinci, baƙi suka zagaye. Alhaji ya ɗaga hannun nan mai albarka. Mai masaukin, da yake Balarabe ne, ya gyaɗa kai, ya ɗauke farantin, ya wuce abinsa.

Alhaji ya jira na biyu. Shiru. Ya jira na uku. Shiru kake ji. Ashe su can ba a roƙon mutum ya ci abincinsa. Kuma babu motar da za a kai.

Washegari ma haka, don 'yan Kano na kallo, kuma girma ba riga ba ce da za a tuɓe a rataye. Kwana biyu yana kan dabino da ruwa, cikinsa na ƙugi kamar injin markaɗe.

Rana ta uku da azahar, sai ga shi girman ya tuɓu. Ya cire hula, ya ninke babbar riga, ya zura jallabiya, ya sulale. Lungu bakwai ya ratsa don ya tabbata ya yi nisa da duk mai jin Hausa. Can ya tarar da wani ɗan gidan abinci, tebur huɗu, biyu a ciki biyu a kan titi, direbobi da leburori sun cika shi. Na kan titi ya samu. Ba Larabci, sai nuni da yatsa: wannan, da wannan, da wancan ma. Wake da mai, gurasa, soyayyen kifi. Ya naɗe hannun riga ya duƙufa. Yunwa ba ta san shugaban kwamiti ba.

Yana cikin tsotsar kan kifi, mai gidan abincin ya nuna wa wata mata kujera ɗaya da ta rage, daidai gabansa. Hajiya Yelwa ce. 'Ya'yanta ne suka haɗa ƙarfi ta kawo mijinta aikin ido, kuma kullum a nan take cin abincin rana saboda araha.

Ba ta yi salati ba, ba ta yi dariya ba. Ta gyara mayafi, ta ɗan rusuna, ta ba shi haƙƙinsa na babba.

"Ranka ya daɗe, ina wuni?"

"Mhm."

"Ina gajiya? Yaya hanya? Yaya aka baro su Hajiya? Yaya baƙunta? Yaya nazari?"

Gaisuwa kuwa dole a amsa ta. Ya haɗiye loma ba tauna, idanu suka firfito, ya ce lafiya lau, ƙwayar wake na lilo a gemunsa.

"A ƙaro maka kifi, Alhaji?"

"Na ƙoshi."

"Haba, ranka ya daɗe, daure."

"Alhamdulillahi."

"Don Allah, kada ka raina."

Kwana uku rabonsa da jin an roƙe shi sau uku. Sai da ƙwalla ta cika masa ido. Babu mota, don haka ya cinye a nan, har ƙaya.

Bayan ya dawo, kwamiti ya zauna, mata talatin da biyun nan suka cika ɗakin taro. Hajiya Yelwa ta zauna a sahun gaba, ta naɗe hannu, tana kallon gemunsa kawai. Alhaji ya miƙe ya yi gyaran murya.

"Nazarin da na gudanar a ƙasar Masar ya nuna cewa cin abinci a bakin titi al'ada ce ta manyan birane. Saboda haka, cikin hangen nesa irin nawa, na janye maganar tashi."

Aka yi tafi. Ya karɓa da hannu biyu.

Har yau kaskon kifi na nan yana ƙara a gindin gada. In motarsa ta tsaya a cunkoson ranar kasuwa, Hajiya Yelwa takan ɗaga matsami ta ce, "Alhaji, bismilla."

"Na ƙoshi, Hajiya."

"Na yarda, ranka ya daɗe. Ai a gabana aka yi."