Nomau da Makullin Kunama

A ƙauyenmu na Tudun Kwaɗi, gidan Iya Laraba ne na ƙarshe kafin ka kai titi. 'Ya'yanta maza biyu ne. Babban, Hamisu, bakanike ne da hannunsa ke da albarka. Ƙaramin, Nomau, magidanci ne har da gemu da mata mai haƙuri, Kande, sai dai in ka gaya masa magana, yadda ka faɗe ta haka zai aikata, ba ragi ba ƙari. Ni dai ban taɓa ganin mai biyayya irinsa ba, kuma ban yi wa kowa fatan samun irinsa ba.

Hamisu yana da wata jar mota da yake kira Kunama. Ya sa mata turbo, injin ya ƙara ƙarfi, amma man da ke isa gare shi bai ƙaru ba, sai ta riƙa tari in an taka ta. Don haka ya ƙudura sauya mata famfon mai da tiyo da injekta mai fesa wa injin fetur kafin wasan motocin da ake yi a filin bayan kasuwa. Shi kuwa Nomau burinsa ɗaya ne a duniya: ranar wasan ya zauna a gidan gaba. Hamisu ya ce ya yarda, muddin bai yi masa ɓarna ba.

Wata rana Hamisu ya sauke tankin man motar, ya tsiyaye tsohon fetur, ya ce, "Nomau, wanke shi tas, har sai ka daina jin warin mai." Nomau ya saɓa tanki sai rafi. Ya wanke da sabulu, ya shinshina, akwai wari. Ya sake, akwai wari. Sai ya ɗaura masa dutse ya nutsar da shi, ya zauna a bakin ruwa yana jira. Da la'asar ya dawo yana fara'a. Hamisu ya karkata tankin, talibambam suka zubo suna wutsil-wutsil a ƙasan gareji. "Yaya, shinshina ka ji," in ji Nomau, "yanzu ƙarnin kifi kawai yake." Sai da tankin ya sha rana ya bushe kafin Hamisu ya sake yi masa magana.

Wata rana sabon famfo ya iso daga Kano a cikin kwali. Hamisu zai tafi neman tiyo, ya miƙa masa ya ce, "Ka kula da shi kamar jariri." Da ya dawo babu Nomau babu famfo. A tsakar gida ya same shi, ya ari zanen Kande ya goya famfon, yana jijjigawa. Kande na bakin murhu, dariya ta hana ta tuƙa tuwo.

"Miƙo min famfona!"

"Yaya, yi a hankali, yanzu ya samu barci."

Iya Laraba ta ce ai gara da aka zo da wuri, don ya riga ya aika a kira wanzami.

Wata rana aka gama haɗa komai, za a gwada ƙarfin turin mai. Hamisu ya nuna masa agogon da ke aunawa, ya ce, "Ka ga allurar nan? Kada ka bari ta sauka ƙasa da jan layi." Ya tayar da mota, ya cusa kai cikin boneti. Injin ya fara tari, ya ɗaga murya, "Tana ina?" Nomau ya ce, "Tana kan layi, Yaya." Injin ya shaƙe, ya mutu murus. "Yanzu fa?" "Har yanzu tana kan layi." Hamisu ya leƙo. Ashe Nomau ya ɓalle gilashin agogon, ya tokare allurar da tsinken ashana. Ran Hamisu ya ɓaci ƙwarai, ya rantse cewa Nomau ko ƙofar Kunama ba zai taɓa ba. A ranar Nomau ko tuwo bai ci ba, kuma wallahi ya ba ni tausayi.

Wata rana, ita ce ranar wasan, aka jawo Kunama zuwa fili da igiya don a ririta injin. Hamisu ya riga ya gyara matsalar turin man, yana cikin ɗaure tiyon ƙarshe aka kira shi wurin masu tsara wasa. Ya duba, ba kowa kusa sai ƙanensa. Ya cilla masa makulli ya ce, "Riƙe. Kada ka ba kowa."

Da ya dawo, jama'a sun cika fili, ana kiran Kunama a lasifika. Ya miƙa hannu. Nomau ya girgiza kai.

"Ka ce kada in ba kowa."

"Ni ne fa, Hamisu!"

"Na gane ka, Yaya. Amma kai ma kowa ne."

Hamisu ya yi kansa, Nomau ya ɗare bishiyar darbejiya. Aka yi lallashi, aka yi barazana, Kande ta yi masa alkawarin ɗanwake, ko gezau. Motoci suka yi ta wucewa, rana ta take. Hamisu ya gaji, ya zube a ƙasa a inuwar motarsa ya dafe kai. Daga nan ne ya ga ƙasa ta jiƙe a ƙarƙashinta. Ya taɓa, ya shinshina: fetur. Tiyon da ya bari bai ɗaure ba ne ke ɗiga, daidai kan salansa. Da an murɗa makulli, sabon famfon nan mai ƙarfi feshi zai yi a kan ƙarfen da zai ɗau zafi nan da nan, shi kuma yana ciki a ɗaure da bel. Ya daɗe yana salati.

Ya ɗaure tiyon, ya rufe wurin da yashi, aka tura motar gefe. Sannan ya je gindin bishiya ya ce a hankali, "Sauko, ɗan'uwana. Na karya rantsuwata, zan yi kaffara. Ba ni makullin."

Nomau ya sauko, ya wuce hannun yayansa, ya buɗe ƙofar direba ya zauna. Shi da kansa ya zura makullin ya murɗa. Kunama ta yi ruri ba tari ko ɗaya, fili ya ɗauki sowa.

"Ban ba kowa ba, Yaya," in ji Nomau, ya matsa zuwa kujerar gefe yana share hawaye. "Shigo mu tafi."