Taraktar da Aka Ƙaddamar Sau Bakwai

Ranar Litinin na wuni a layin man gas da jarka a hannu, tun hantsi har la'asar, don in shayar da taraktar da ban taɓa jin muryarta ba. Na dawo gida na ɗura mata, na hau, na murɗa makulli. Shiru. Mai ɗakina tana tsaye bakin ƙofa, ta riƙe ƙugu, ta ce, "Malam, in ka gama tuƙin ka sauko ka ci abinci."

Ga yadda aka yi. Bayan gidanmu akwai fili, bai kai gona ba, amma ya fi ƙarfin fartanya. A nan take shuka tumatir da albasa da barkono, da su muke rufa wa tukunya asiri duk shekara. Bana ƙashin bayana ya ajiye aiki, likita ya hana ni sunkuyo. Hadari kuma ya fara haɗuwa. In ruwan farko ya sauka ba a kafce filin ba, ciyawa ce za ta gaje shi.

Sai na ji ana gwanjon kayan da suka lalace a harabar Hukumar Wadata Talaka da Garma. Can na ga wata 'yar ƙaramar tarakta, koriya shar, kujerarta ko leda ba a ɓare ba. Agogon da ke ƙirga awannin aikinta yana nuna awa huɗu kacal. Na ce a tayar mini in ji, aka ce mai makullin ya shiga mitin. Na saya, aka kawo mini ita a bayan babbar mota, makullin ya biyo baya a ambulan. Da gangan ban tafi da maƙwabcina makanike ba, wanda ake kira Sufana, don ya cika surutu. Yanzu ga ni ina sauraron surutun nasa kyauta, kuma zan raba muku.

Ya zagaya ta sau biyu, ya danna kujerar da babban yatsa. "Malam, duk taraktar da kujerarta ba ta lotsa ba, guje ta. Wadda ta yi aiki za ka ga fedar kulocinta ta suɗe, sitiyarinta ya yi santsi. Wannan ko kaza ba ta taɓa kora ba."

Ya tsuguna ya nuna mini tayoyin. Haƙoransu sababbi, amma gefensu duk ya tsattsage saboda tsayuwa a rana. Ya ce injin da ba ya motsi tsatsa ce ke cinsa ta ciki. Ya ce ko ta ubanka ce, a tayar maka ita da sanyin safiya kana tsaye, ka dubi launin hayaƙin, ka zaro sandar gwajin baƙin mai, ka leƙa ƙarƙashi ko tana ɗiga, ka ga ta ɗaga garma ta sauke.

Sannan ya sa kan sukundireba ya kankare fentin gefe. Ƙarƙashin kore akwai ja. Ƙarƙashin ja akwai shuɗi. Muka ƙirga fenti shida, kowanne da guntun rubutun wani shiri: na Farfaɗowa, na Bunƙasawa, na Sake Farfaɗowa. Ashe baiwar Allah ba noma aka saye ta ta yi ba, halartar biki ne sana'arta. Awa huɗun nan ma, in ji Sufana, daga bayan mota zuwa gaban rumfa ne.

Da ya ɗaga murfin injin sai ya cire hularsa kamar mai ta'aziyya. Inda famfon da ke tura man gas ya kamata ya zauna, rami ne da ƙusoshi huɗu.

Ni mutum ne da ƙaramin abu ke hana sukuni. Na zauna gindin bango ina tambayar kaina: wanda ya sayi kayan jama'a da aka yi wa ƙaryar mutuwa, ɓarawo ne ko mai ceto? In kuma ƙaryar ta zo ta zama gaskiya, wa ya cuci wa? Ban gama warware wannan ba, ranar Laraba aka yi sallama. Jami'in da ke riƙe da makullin sito ne, wanda ya shiga mitin.

"Ranka ya daɗe, wata 'yar alfarma. Asabar Mai Girma Uban Ayyuka zai ƙaddamar da sabon shirin noma. To, an yi kuskure, an haɗa da ita a gwanjo. Aron wuni ɗaya kawai."

Na ce, "Yallaɓai, ai ba ta tashi."

Ya yi dariya har da dafa kafaɗata. "Haba Malam, wa ya ce sai ta tashi? Turawa ake yi ta bayan rumfa."

Ina shirin yi masa wa'azi kan haƙƙin jama'a sai mai ɗakina ta yi magana daga bayan labule. "A gaya wa baƙo tarakta ba ta fita. In biki ake so, ga fili nan bayan gida. Kuma a gidan nan ba a tura mota, sai dai ta tafi da ƙafarta."

Jami'in ya goge goshi, ya dubi wayarsa, ya tafi. Jama'a, ku daina cewa ma'aikatanmu ba su da himma. Famfon da aka rantse ba a san inda yake ba, kafin la'asar ya iso a buhu, yana ɗigar mai, da jar lakar gonar wani a jikinsa. Ban tambayi ko gonar wa ba. Sufana ya ɗaura, ta yi tari uku, ta kama ruri. Washegari masu fenti suka zo suka yi mata na bakwai, ruwan ɗorawa.

Asabar aka kafa rumfa inda muke shanya. Mai Girma ya yanka jan ƙyalle, aka tallafe shi ya hau, direba ya maƙale a gefe yana riƙe masa sitiyari. Ya ja layi ɗaya, karkatacce. Mai kyamara ya ce rana ta haske fuska, a sake. Ya sake. Aka ce hula ta goce, a sake. Mai ɗakina ta matsa kusa da mai kyamarar, cikin ladabi ta ce, "Ɗana, ta can kusurwar hoton zai fi kyau, ba a taɓa wajen ba." Kafin azahar an kafce filin tas, har gindin katanga. Daga nan aka kira ni gaban rumfa a matsayin manomin da ya fara cin gajiyar shirin, aka miƙa mini makullin taraktata, aka ce in yi murmushi. Na yi. Har tafi na yi, Allah Ya yafe mini.

Lahadi ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya.

Shekaranjiya jami'in ya dawo da ƙaramin akwatin kayan aiki, wai zai ɗauki famfon a duba lafiyarsa. Ya tarar da mai ɗakina ta jera tiren irin albasa a kan murfin injin. Ta ce, "Yallaɓai, a gaban kyamara aka ba talaka. Ko in kira yaron hoton ya zo ya ɗauki karɓewar?" Ya ce dama gaisuwa ce ta kawo shi.

Har yanzu ban san hukuncin tafin da na yi ba. Na taya su yi wa jama'a ƙarya, amma a sanina wannan ne karon farko da taraktar jama'a ta taɓa ƙasar wani daga cikin jama'a. Shawarata dai ga mai neman tarakta ta hannu: nemi mai lotsattsiyar kujera, ka tafi da makanike ko da ya cika surutu. In kuwa ƙaddara ta haɗa ka da ta gwanjon hukuma, to kafin ka duba baƙin mai, fara tambayar yaushe Mai Girma zai zo.