Yadda Za Ka Zauna Lafiya a Zauren Masu Digirin Mako Shida

Idan ka bi matakan nan bi da bi, na yi maka alkawarin za ka shekara a kowane zauren intanet na masu tallar digiri ba tare da an ambaci iyayenka ba. Na san abin da nake faɗa. Daga zaure tara aka kore ni, a na goma kuwa har mataimakin shugaba aka naɗa ni. Misalinmu a wannan darasi shi ne maƙwabcina Mai Firam, wanda shagonsa ke jingine da nawa na hoto-kwafi. Shekara ashirin da shida yana yanka gilashi yana yi wa takardun mutane firam. Duk abin da zan ce kada ka yi, shi ya yi shi.

Mataki na 1: Ka shiga ba da wata damuwa ba.

Mai damuwa bakinsa ba ya rufuwa, shi ya sa ake gane shi tun daga ƙofa. Mai Firam da damuwa ya shiga. Autarsa tana shekarar ƙarshe a jami'a ta gaske, irin mai aji da malamai da jarrabawar da ake faɗuwa. Ta faɗi darasi biyu, ta gaji, sai ta dawo gida da waya a hannu.

"Baba, ga wata jami'a nan, mako shida an gama. Ni ba zan koma rajista ba."

Ranar Juma'a za a rufe rajistar. Wanda bai yi ba, shekara uku da ya yi sun bi ruwa. Mai Firam bai yi mata faɗa ba, don bai san da wace kalma ake faɗa da jami'a ba. Shi a aji uku na sakandare ya tsaya. Washegari ya leƙo shagona ya ce in saka shi a zauren masu tallar jami'ar, wanda ni ne mataimakin shugabansa. Na saka shi da sunan Mai Neman Sani, kuma tun a lokacin na gaya masa sunan bai yi ba.

Mataki na 2: Ka kira kowa Dakta.

Ba za ka yi kuskure ba. Idan mutumin bai zama ba tukuna, jira kawai yake saƙo ya shigo. Shugaban zauren kuwa Farfesa Sau Biyu ne, kuma sai ka faɗi "sau biyun", domin kowanne da ranar da aka aiko masa shi. An ce in ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma ka nemi tsumma ka ɗaura. Mai Firam ya shiga ya rubuta, "Sannunku da aiki." A wurin da ba wanda ya yi aikin, wannan gaisuwa zagi ce.

Mataki na 3: Kada ka yi tambaya.

Tambaya rabin ilimi ce, shi ya sa ba a son ta a inda aka riga aka sayi cikakkensa. Akwai guda uku da aka fi ƙi: ina ginin jami'ar yake, wa ya amince da ita, wa ya koyar da kai. Mai Firam ya haɗa ukun a saƙo ɗaya, da yatsa ɗaya, cikin minti ashirin.

Kafin ya ajiye wayar amsoshi sun haura sittin. An kira shi mahassadi. An kira shi ɗan leƙen asirin tsofaffin jami'o'i. Wani Dakta ya turo hoton ginin jami'ar, dogo mai gilasai, wanda na taɓa ganinsa a wani zauren a matsayin otal. Farfesa Sau Biyu ya rubuta cewa amincewa tsohon yayi ce, yanzu jami'a ce ke amincewa da kanta, aka yi ta tafa masa da 'yan hotunan hannu. Sai aka juyo da tambayar da take gama kowa: kai ina taka takardar?

Mai Firam ya dubi bangon shagonsa. Takardu sun fi arba'in a rataye suna jiran masu su, babu tasa ko ɗaya.

Mataki na 4: Idan an zage ka, kada ka buɗe hoton mai zagin.

Zagin wanda ba ka sani ba ruwan sama ne, ka tsaya a rumfa ya wuce. Cikin masu amsar akwai wata mai suna Dakta Nan Gaba, ita ta fi kowa iya tsara magana. Ta rubuta: "Ku rabu da shi. Wanda bai taɓa gama komai ba shi ke tsoron wasu su gama."

Mai Firam ya danna hotonta ya ƙara girmansa. Babu fuska, hannu ne riƙe da biro a kan tebur. Amma a bayan hannun ana ganin kusurwar madubi, kuma a kusurwar akwai ƙaramar ƙusa ta tagulla. Duk firam ɗin da ya yi don gidansa yana buga masa irin wannan ƙusa a ƙasa ta hagu, ba ya yi wa na sayarwa. Wannan madubin shi ya yi wa mahaifiyar Auta shekarar da aka haife ta.

Ya daɗe yana kallo. Na san shi da yankan gilashi a yatsa bai ce uffan ba, amma wannan ta shige shi, har sai da ya nemi kujera ya zauna.

"Maƙwabci," ya ce, "yarinyar ta iya rubutu. Ka ga amfanin makarantar."

Mataki na 5: Idan kana da hujja, ka jefa ta ka gudu.

Hujja kam yana da ita. A makon nan jami'ar ta yaye ɗalibai, kuma sha ɗaya daga cikinsu 'yan nan unguwar suka kawo masa takardunsu. Shi mai firam ba ya karanta takarda daga sama kamar sauran mutane. Daga gefe yake farawa, don ya ga inda katako zai ci rubutu, saboda haka lambar da ke can ƙasa da ƙananan baƙaƙe ita ce farkon abin da idonsa ke sauka a kai. Duka sha ɗayan lambarsu ɗaya ce.

Na ce masa ya ɗauki hotonsu ya watsa a zauren, ya fice kafin a kore shi. Haka ƙwararru ke yi. Ya ce takardar mutum amana ce, ko ta ƙarya ce, kuma shi ba zauren ya haifa ba.

Mataki na 6: Maganar zaure ta tsaya a zaure.

Ranar Alhamis da hantsi ya kira Auta shago. Ya ce ya bar tabaransa a gida, ta zo ta karanto masa lambobin takardun nan ya rubuta a bayan kowane firam, kada a rikita masu su. Tabarau ɗin yana aljihun rigarsa, ina hango shi daga ƙofata.

Ta karanta ta farko, ya rubuta. Ta karanta ta biyu, ta ɗan tsaya. A ta huɗu muryarta ta yi ƙasa.

"Baba, ai iri ɗaya ce."

"Ci gaba dai, Auta. Ni ban yi karatu ba, wataƙila haka ake yi."

Ta kai ta sha ɗaya. Bai ambaci zaure ba, bai ambaci Mai Neman Sani ba. Wayarsa dai tana kan teburin yanka a buɗe, kuma na ga lokacin da idonta ya sauka a kan sunan. Ta ɗauki tsumma ta shiga goge gilashin da aka riga aka goge.

Can ta ɗaga kai ta ga wani firam a saman ƙofa, sabo, babu komai a ciki sai farin kwali, da ƙusar tagulla a ƙasa ta hagu.

"Wannan fa, na wane ne?"

"Shekara uku ke nan da na haɗa shi, ranar da aka ba mai shi gurbin karatu. Ba ta kawo takardar ba tukuna." Ya hura ƙurar katako daga tebur. "Ba sauri nake ba."

Sanarwa

Marubucin wannan darasi ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya. Ba ruwansa da korar Mai Neman Sani daga zauren da yammacin ranar, ko ficewar Dakta Nan Gaba ba sallama, ko sauke shi kansa daga mataimakin shugaba saboda an gano wa ya shigo da mai tambaya. Haka kuma ba ya ba da tabbacin yarinyar za ta ci darussan nan biyu, don jami'ar da ta koma ba ta yi wa kowa wannan alkawari. Abin da ya sani kawai, ranar Juma'a da sassafe ta zo ya yi mata kwafin takardun rajista, idanunta a kumbure, ta tsaya a ƙofar shagon mahaifinta ta ce, "Baba, kada ka saka wa kowa wancan firam ɗin."

Ya ce ai ba zai shiga kowa ba, da awonta aka yanka shi.