Yadda Za Ka Gyara Kwanson Harsashi Ya Shiga Bindigar da Ba Tasa Ba, Kuma Yatsunka Su Zauna Lafiya

Kai mai son a kira ka gwanin bindiga, zauna ka ji. Hanyar nan ba ta ƙin ci. Ita Garbai mai gyaran keke a Sabon Layin Mubi ya bi, yau ga shi da suna, ga yatsunsa cif.

1. Karɓi aikin tun ba ka gane shi ba

A shekarar da aka jefa ƙuri'ar zaɓen ƙasar da yankin nan zai bi, ko Najeriya ko Kamaru, Tizhe manomin Gella ya gaji wata ƙatuwar bindigar Faransa daga kawunsa na tsallaken iyaka. Harsashinta babu a wannan gefe. Abin da ya samu tarin kwanso ne na bindigar Ingilishi, wanda aka riga aka harba. Kama dai suna kama, amma shiga ba ya shiga. Ga dawarsa ta nuna, manyan biran dutse suna saukowa suna rabon gado a kanta.

Ya dire kayan a gaban Garbai. "Malam, za ka iya?"

Garbai bai taɓa riƙe bindiga ba. Ya leƙa bakinta, ya sunsuna, ya ce, "Wa ya taɓa ta kafin ni?"

Haddace tambayar nan. Ba ta da amsa mai kyau.

2. Ɗora wa Turawa laifi

In kwanso ya ƙi shiga, kada ka yi zufa. Ka ce Bafaranshe da Ingilishi ba su taɓa shiri ba, balle tagullarsu. Kowa a Mubi ya ga yadda suka raba dutse ɗaya biyu, ba mai musa maka.

3. Yi ƙara

Fito da aikin bakin titi. Buga guduma, goga magagari, ka riƙa ɗaga kwanso sama kana kanne ido ɗaya. In ya lanƙwashe, ka ce haka ake so. In ya tsage, tura shi ƙarƙashin tabarma. Sauran ka wanke da toka da lemun tsami su yi walƙiya. Mutum ba ya zargin abin da ke nuna masa fuskarsa.

Albarushi kuwa, Garbai da ido ya auna. Da ya tuna girman biran, ya ƙara.

4. San ka'idar maharba, ka guje ta

Ga inda wuyar take. Maharban dutsen nan suna da ka'ida: wanda ya cika harsashi, shi ke harba na farko. Garbai bai sani ba sai da Tizhe ya miƙo masa bindigar.

Nan da nan kafaɗarsa ta kama ciwo. Juma'a ya ce ranarsa ce. Lahadi ya ce ranar Tizhe ce, ba ya so ya shiga hakkin coci. Ranar kasuwa kuma ƙara za ta firgita shanu.

Wannan dabara tana ci har ranar da matar gida ta gaji. Liyatu matar Tizhe ta tsaya a bakin rumfar, kwando a ka.

"Malam Garbai, birai sun yi ƙiba har ba su iya hawa dutse. Kafaɗa ke ciwo, ko zuciya?"

"Uwargida, aikin ƙarfe ba a yi masa gaggawa."

"To gobe zan zo da yara mu zauna nan. In dawa ya ƙare, tuwonka za mu ci."

5. In ba makawa, nemi igiya

Da safe Garbai ya isa gonar, gashin kansa a tsaye. Ya ɗaure bindigar a jikin tsamiya, ya ɗaura igiyar rijiya a kunamarta, ya yi ta ja da baya har ya ɓuya bayan wani ƙaton dutse.

"Malam, ka'ida ya ce da hannunka!" in ji Tizhe.

"To igiyar a ƙafata take?"

Ya yi bisimilla, ya rufe ido, ya fizga. Ƙarar ta kai Mubi. Da hayaƙi ya lafa, bakin bindigar ya buɗe kamar furen kabewa. Biri ko ɗaya bai ji ciwo ba, amma duk sun tattara 'ya'yansu sun tsallake mayo, wato rafin da ke gefen gonar, a guje.

6. Riga kowa magana

Kafin Tizhe ya rufe bakin da ya saki don mamaki, Garbai ya fito yana kakkaɓe riga. "Birai ka ce sun dame ka. Nuna min ɗaya."

"Bindigar kawuna fa?"

"Ta gama aikinta."

Dawar Tizhe ta tsira. Sai dai gonar da ke hayin mayo, inda biran suka sauka da iyalinsu, ta Baba Levi ce, mahaifin Liyatu. Tsohon bai yi faɗa ba. Gwangwani da sanda kawai ya miƙa wa surukinsa. Har aka yi girbi Tizhe na can bisa dutse yana kiɗa wa birai, Liyatu na kai masa abinci tana gyara masa kiɗan.

Gargaɗi: wanda ya bi hanyar nan ya rasa yatsa, gira, bindiga ko mutunci a gidan surukai, shi ya jiyo. Ban aike ka ba, ban san gidanku ba. In an kai ka gaban alkali kuma, ko karatu ban iya ba, balle rubutu.