Sakamakon Dokta, Layi Bayan Layi

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na ja Baba da hannuna zuwa shagon intanet na Oga Emeka a Sabon Tasha, wai ya ga sakamakon jarrabawata ta gama sakandare. Ba wanda ya aike ni fa. Tun kafin a shiga jarrabawar na cika unguwa da cewa likita zan zama, har a coci an fara kiran mahaifiyata Maman Dokta.

Intanet ɗin wancan zamani (yaran yanzu, ku kasa kunne) ta layin tarho yake bi. Sai kwamfuta ta yi ta ƙara kamar an shaƙe zakara, sannan shafi ya riƙa saukowa daga sama, layi ɗaya, a huta, sai wani. Ka ɗora tuwo ka sauke, bai kai rabi ba.

Sunana ya fito. Darasin addini ya biyo baya da A. Baba, tsohon ma'aikacin masaƙa a Kakuri, mai murya kamar lasifika, ya miƙe tsaye: "Jama'a, ku zo ku ga ɗana!" Suka kuwa zo. Kowa ya baro kujerarsa, tun da su ma jiran nasu shafin suke yi.

Sai ga Ingilishi, F9. Baba ya karanta da ƙarfi (bai iya karatu a zuci ba). Muka jira. Lissafi, F9. Muka sake jira, rabin shago na numfashi a ƙeyata. Wata mata ta ce, "Kai, wannan likitan ko akuyata ba zan ba shi ba."

Can matar Oga Emeka ta ɗaga tarho a ɗakin ciki, layi ya katse. Wayyo daɗi! Na sa wa baiwar Allah nan albarka a zuci, na ce, "Baba, injin nan ba shi da lafiya, mu tafi gida kawai."

Ya gyara zama, ya ɗora hula a gwiwa. "Ni ɗan fansho ne, ina da lokaci. Oga, sake haɗawa."

Oga Emeka ya ce, "Ba wahala, Baba, amma daga farko za ta fara fa."

Daga farko ta fara. Baba ma daga farko ya fara karantawa, har muka gangara Bayoloji, nan ma tara ce ta tarbe mu. Na so ƙasa ta tsage in shige, ita ma ta ƙi yin sauri.

Yau fenti nake sayarwa a Kamazou, na gode Allah. Abin da na koya shi ne, in za ka sha ƙasa, kada ka gayyaci 'yan kallo, balle ɗan fansho. Har gobe in wayar Baba ta tsaya tana juyi, shafi ya ƙi buɗewa, sai ya ɗago ya dube ni: "Dokta, ko sakamakonka ne ke tafe?"